Kwalaben Ƙarshen Wahala

Rana ta riga ta faɗa bayan katanga, ɗan hasken da ya rage a tsakar gidan bai wuce na gane fuskar mutum ba. Dokta yana tsugune gaban babbar tukunyarsa, yana juya magani da wani guntun katako da ya yi baƙi don daɗewa. Matarsa tana bakin kwata tana wanke kwalabe a baho, a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashe su daga barci. 'Yarsu kuma tana kan tabarma da gam da tarin takardu, tana manna wa kowace kwalba sunanta. Sun daɗe da ƙarar da hirar da ake yi a irin wannan lokaci, abin da ya rage sai tafasar tukunya da ƙarar gilashi in ya taɓa ɗan'uwansa.

Dokta dai ba dokta ba ne, kowa a layin ya sani. Tsohon direban babbar mota ne da bayansa ya gaji da kujera, ya dawo gida da zaƙin baki da sanin abin da mutane ke jin kunyar faɗa. Maganinsa sunansa Ƙarshen Wahala. Abin da ke ciki ba ɓoyayye ba ne ga mai hanci: ƙonannen sukari, citta, sassaƙen wani itace mai ɗaci, da ƙwayoyin kashe zafi da yake dakawa in ya rufe ƙofa. Amma kada a raina masa wayo. Ya gane cewa mutumin da fitsari ke ƙona shi, ko wanda ya ga gyambo a inda ba zai iya nuna wa ko ɗan'uwansa ba, ba waraka yake fara nema ba, rufin asiri yake nema. A asibiti sai ka zauna a benci, a kira ka, ka buɗe baki, wani lokaci ma ka kwance wando. A wurin Dokta kuwa hannu kawai za ka miƙa ta tagar mota. Tunda kwalba ɗaya ce ke maganin komai, wa zai san ko don basir ka saya ko don abin da ka ɗebo a ɗakin bayan tasha? Sai ka ce ai na ciwon bayan tsohuwarka ne.

Abin da ya fi sukarin jawo masa kasuwa kuwa muryar yarinyar ce. Tun tana ƙarama yake zaunar da ita, ya faɗa ta maimaita, ya naɗa a waya, ya sa a lasifikar da ya ɗaure a kan tsohuwar motarsa. Murya ce siririya, garau, wadda ba ta san ƙarya ba, don ba ta ma san ma'anar rabin abin da take faɗa ba.

"Faɗuwar gaba, firgita, rashin barci, yawan mantuwa, rawar hannu, taɓin hankali. Ciwon sanyi na maza da na mata, ko ya shekara nawa. Tunjere. Yawan ɓari. Shafar aljanu. Ƙarshen Wahala, sha ka huta."

Kuma yana da wani tsari da bai taɓa sauyawa ba. Kowace yamma in ya sauke tukunya ya ɗura kwalabe, sai ya kunna lasifikar a nan tsakar gida, ƙasa-ƙasa, don ya tabbata batir zai kai shi gobe. In muryar ta gama, sai ya ɗauki tukunyar ya juye guggubin da ya kwanta a gindinta cikin kwatar da ke bi ta ƙarƙashin katanga. Murya tukuna, sannan guggubi. Shekara da shekaru.

A wannan yammar ma haka ya yi. Muryar ta gama jera cututtukanta, ya juye tukunya, tururi ya taso daga bakin kwata. Sai wani abu ya bugi kwanon rufin ɗaki, ya gangaro yana ƙara, ya faɗo tsakiyarsu.

Kwalba ce. Ba ta fashe ba. Ta tsaya daram a kan gindinta kamar da hannu aka ajiye ta, babu komai a ciki, an wanke ta tas, takardar Ƙarshen Wahala tana jikinta.

"'Ya'yan banzan layin nan," in ji Dokta. Ya zari takalmi ya fita. Babu kowa a layin, mutane duk sun shige, sai kiran salla da ke tasowa daga nesa. Kafin ya dawo wata ta sauka, ta tsaya kusa da ta farko.

Matar ta zare hannu daga baho, ta duba. "Dokta, wannan takardar tsohuwa ce. Mai jan rubutu. Tun yarinyar nan ba ta yi wayo ba muka daina buga irinta."

"To sai me? Ɗauki ki ɗauraye. Kwalba ce ta zo kyauta."

Daga ranar magariba ta zama abin fargaba a gidan. Da rana lafiya lau, kaji na tona ƙasa, Dokta na yawon kasuwanni da tashoshi. Amma da zarar inuwar katanga ta cinye tsakar gida, sai kwalabe su fara sauka. Wata rana kaɗan, wata rana har a rasa wurin sa ƙafa. Babu wadda ta taɓa fashewa, babu wadda ta taɓa samun mutum. Da jifar mugunta ce, da an san yadda za a yi da ita, a yi ihu, a tara maƙwabta. Wannan kuwa kamar mai dawo da kayan aro ne, cikin ladabi, sai dai ba ya sallama. Shi kuma mutumin nan, Allah ya shirye shi, tattara su yake yi ya zuba wa matarsa a baho, har yana cewa an rage masa wahalar bin bola.

Matar ta ci gaba da wanke su. Ita ma tana da nata nauyin. Yarinyar nan ita kaɗai ce ta zo musu da rai ta zauna. Bayan haihuwarta ne Dokta ya yi wasu dogayen tafiye-tafiye da babbar mota, ya dawo da tsaraba iri biyu, wadda aka gani a leda da wadda ba a gani ba. Tun daga nan duk cikin da matar ta ɗauka sai ya zube, wanda ya kai watanninsa kuma ya zo babu numfashi. Daga baya sai ciwon kai, sai wata suka a ƙafafu kamar ana caka mata tsinke, sai ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta rasa abin da ya kawo ta. Dokta ya ce sanyi ne da yawan tunani. Cokali da safe, cokali da yamma.

Kuma a nan abin haushin yake, don ba za a ce ƙarya zalla yake yi ba. Shi kansa ya taɓa ganin gyambo a jikinsa bayan tafiye-tafiyen nan, ya sha haɗinsa na farko, gyambon ya bushe ya ɓace. Bai san halin cutar ke nan ba, takan rufe ƙofar waje da kanta, ta shige can ciki ta zauna. Shi dai ya ga ya sha, ya ga ya warke. A kan wannan gyambo ɗaya ya gina sana'a, ya sayi mota, ya rantse wa mutanen da bai san iyakarsu ba.

Sai murya ta biyo bayan kwalabe. Wata yamma batir ya mutu, lasifika ta ƙi tashi, Dokta yana dukanta da tafin hannu yana zagin wanda ya sayar masa. A cikin shirun da ya biyo baya suka ji tallar tana fitowa daga bakin kwata. Kalmomin su ne, a jerensu, har inda yarinyar takan ja numfashi. Amma muryar ta tsufa, ta dishe, tana jan kowace cuta kamar mai jan buhu a ƙasa. Da ta zo kan yawan ɓari sai ta tsaya. Ta daɗe a tsaye kafin ta ƙarasa.

"Wayar maƙwabta ce," in ji Dokta. Amma guntun katakon ya riga ya faɗi daga hannunsa.

Yarinyar a lokacin ta zama 'yar budurwa, tana ajin ƙarshe a makaranta, mai yawan dariya da tsokanar ubanta. Sai ta fara dafe ƙirji tana cewa gabanta na faɗuwa. Bayan 'yan kwanaki, ko cokali ya faɗi sai ta zabura. Daga nan barci ya ƙaurace mata, idanunta suka zurma. Wata safiya ta fita da kayan makaranta ta dawo tana kuka, wai ta manta hanya. Da hannunta ya fara rawa har gam yana zuba a tabarma, uwar ta ajiye kwalbar da take wankewa, ta je ta tsaya a kan mijinta.

"Ba ka lura ba ne, ko kana yi kamar ba ka lura ba? Bi take yi ɗaya bayan ɗaya, yadda ka koya mata. Ka san abin da ke bin rawar hannu."

Ya sani. Shi ya jera su. Amma abin da hannunsa ya saba shi ya yi, ya ɗauko kwalba da cokali, ya tsuguna gaban yarinyar.

"Uwata, buɗe baki."

Haka yake kiranta tun tana goye. Ta buɗe, ta haɗiye, ta lashe leɓe. Sannan ta ɗago ta dube shi da idanun da ba nata ba, ta yi magana da wannan tsohuwar murya ta bakin kwata.

"Na sha. Na daɗe ina sha. Ban huta ba."

Uwar ta ce a kira Malam. Dokta ya ce wane Malam? Shi da ke sayar da maganin shafar aljanu ya kira mai karatu gidansa, gobe gari ya ɗauka, to me zai ci? Ta ce ya ci kwalabe, ai ga su nan sun isa. Ta yafa mayafi ta fita tana ɗingishi.

Malam tsoho ne, limamin wani ɗan masallaci a ƙarshen layin, mutum mai zurfin karatu da ƙarancin magana da mugun ciwon gwiwa. Ya zo washegari bayan sallar magariba yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi kwalaben da suka cika tsakar gida a tsaitsaye, ya dubi yarinyar da ke zaune ta fuskanci kwata, sannan ya dubi maigidan.

"Dokta, ashe akwai abin da ya gagari Ƙarshen Wahala? Ai da kunnena na ji aljanu a ciki, can bayan yawan ɓari."

"Malam, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ya ce wasa nake? Gwiwar nan ma ta sha nata rabon. Ga ta nan yadda ka gan ta."

Aka share masa wuri. Ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya nemi ruwa a kofi, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Duhu ya ƙarasa sauka. Kaji suka yi tsit a akurki. Uwar ta kunna fitila ta ajiye nesa, haskenta bai kai fuskar kowa ba. An daɗe a haka, har sai da kafaɗun yarinyar suka fara sauka, bayanta ya tanƙware kamar na wadda ta shekara tana ɗaukar ruwa. Ta juyo a hankali.

"Ya isa, Malam. Ina ji. Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai shan magani ce."

"Me ya sa kike jifar mutane a gidansu?"

"Ban jefi kowa ba. Kayansa na dawo masa da su."

"To yarinya fa? Me ta yi miki?"

"Ita ta ce in sha."

Malam ya ajiye kofin. Bai ƙara tambaya ba, ya san mai gajiya ba ta bukatar a matsa mata. Muryar ta ci gaba da kanta, tana tsayawa tana hutawa.

"Ɗakina a ƙarƙashin katangar nan yake, tun kafin a ɗora bulo na farko. Mijina mayawaci ne, irin wancan. Ya kawo mini abin da ya kawo. Mu ma muna da masu magani, Malam, kada ka ɗauka ba mu da su. Amma sai an je an tsaya an faɗa, dangi su ji. Ni ban iya ba. Sai ga murya kowace yamma a ƙofar ɗakina, tana kiran ciwona ɗaya bayan ɗaya kamar ta leƙa cikina. Ta gama, sai ga magani ya gangaro da ɗuminsa, ba wanda ya tambaye ni komai. In kai ne me za ka yi?"

"Kwalaben fa?"

"Masu saye ba sa kai su gida. A kwata suke jefawa, kada matansu su gani. Nakan bi in lashe abin da ya rage, ina cewa ko nawa ne bai isa ba." Ta dubi bakin kwatar. "'Ya'yana na binne su duka, Malam. Ta ƙarshe ta zo da rai. Na diga mata a baki da yatsana, don an ce ko ya shekara nawa. Ita ma na binne ta. Yanzu ɗakin ya yi mini girma. Wannan ce ta ce in sha in huta. To ta zo ta zauna da ni har in huta."

Uwar ta toshe baki da mayafi.

"Yarinya ce," in ji Malam. "Abin da aka sa mata a baki ta faɗa. Ba ta san ma'anarsa ba."

"Ni ma ban san abin da ke cikin tukunya ba. Rashin sani bai hana ni binnewa ba."

Malam ya ɗaga murya ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin yarinyar ya sandare, ta gantsare, kwalaben tsakar gida suka fara rawa a kan gindinsu suna taɓa juna. Amma muryar ba ta yi ihu ba. Ta bari ya kai aya, sannan ta ce, tana haki:

"Ƙona ni, Malam. Kana tsammanin akwai sauran abin da bai ƙone ba? Amma ka sani, in na fita da zafi, da hankalinta zan fita. Shi ne na gaba a jere."

Tsohon ya shafa gwiwarsa. Ya sha ganin masu taurin kai da masu ƙarya da masu neman a yanka musu wani abu, duk ya san hanyarsu. Wadda ba ta da abin da za ta rasa ita ce bai san ta inda zai kama ta ba.

"Me kike so wanda ba ita ba?"

"A gaya mini gaskiya. Yana magani ko ba ya yi?"

Duka suka juya suka dubi Dokta. Ya gyara tsayuwa, bakinsa ya kama hanyar da ya saba, ya fara cewa an gwada an tabbatar, shi kansa shaida ne, don shi ma ya taɓa...

Yarinyar ta yi dariya, wata busasshiyar dariya marar daɗi.

"Kai kanka? Ni da ruwan wankanka ke wucewa ta ƙofata? Yana nan a jininka, barci kawai yake yi." Ta juya wajen uwar, muryar ta yi laushi. "Ke kuma, 'yar'uwa. Duk abin da kika wanke a bakin kwatar nan a gabana ya wuce. Zannuwan da kike cuɗawa kina kuka ba sauti, na san su, ni ma na wanke irinsu. Ciwonmu ɗaya. Ke nake kallo shekarun nan, ina cewa ai matar mai maganin ce, in ta warke ni ma zan warke."

Matar ta sauke mayafin daga bakinta, ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa, irin duban da ake yi wa ɗakin da aka shekara a ciki aka tarar ashe rufinsa ruɓaɓɓe ne.

"Sanyi ne da yawan tunani, ko Dokta?"

"Wallahi na ga ya bushe," in ji shi. Muryarsa ta zama ƙarama. "Da idona na ga ya bushe."

Matar ta juya masa baya. Ta ja jiki ta matsa gaban 'yarta, ta zauna dab da ita, gwiwa da gwiwa.

"Ki sakar mini 'yata. Ita kaɗai gare ni, kin fi kowa sani. Ni zan je inda ake tsayawa a faɗa. In abin nan yana da suna, zan kawo miki. In yana da magani na gaske, zan zo bakin nan in gaya miki. In ba shi da shi ma zan gaya miki."

"A bakin nan ake mini alkawari kowace yamma."

"To riƙe wani abu har in dawo."

"A'a," in ji Malam. "Ba a jingina da ɗan Adam."

"Ba ita zan riƙe ba. Muryar zan riƙe, ita ta cuce ni." Idanun suka koma kan Dokta. "Kuma ba ke kaɗai za ki je ba. Da shi. Ya tsaya a inda ya hana mu tsayawa."

Malam ya yi ƙoƙarin ragewa, ya roƙa, ya yi wa'azi, ya tsoratar. Muryar ba ta rage komai ba. A ƙarshe ya dubi uwar, ta gyaɗa kai. Ya sa baƙuwar ta rantse da wanda ya halicce su duka cewa ba za ta taɓa hankalin yarinya ba, kuma ranar da aka kawo mata magana za ta mayar da abin da ta riƙe. Ta rantse.

"To fita ta ɗan yatsan ƙafa, kada ki bi ta ido."

"Na gaji da yawa da zan yi ɓarna, Malam."

Ƙafar yarinyar ta hagu ta yi rawa, ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido, idanun nata ne. Ta buɗe baki za ta ce Mama. Leɓɓan suka motsa, babu abin da ya fito.

Kwalabe suka daina sauka. Yarinyar ta koma barci, hannunta ya tsaya, ta tuna hanyar makaranta, amma sai dai ta nuna da yatsa ko ta buga kofi da cokali. Wanda bai san ɗan Adam ba zai ce washegari Dokta ya kama hanyar asibiti. Ina! Yau mota ce ba ta da lafiya, gobe ranar kasuwa ce, jibi a bari dai a ga ko muryar za ta dawo da kanta. Har fita ya yi da kwalabe, ya tsaya a tasha ya kunna lasifika. Babu abin da ya fito sai wani huci kamar na iska a cikin bututu. Ya duba wayar, naɗin yana nan, murya ce babu. Ya gwada da bakinsa, mutane suka ji ƙaton direba yana kiran ciwon sanyi na mata, suka wuce suna dariya.

Matar ba ta roƙe shi ba. Kullum da safe takan yafa mayafi ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, a shirye, har rana ta take, sannan ta cire ta ninke.

Abin da ya karya shi ba wani babban abu ba ne. Wata safiya yana neman hularsa, ya manta, ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Uwata!"

Shiru. Sai ga ta ta zo da gudu ta tsaya a gabansa, tana haki, tana kallonsa, bakinta yana yin na'am ɗin da ba ya fitowa. Hular tana hannunta. Ya karɓa, ya juya ta, ya sake juya ta. Sannan ya ce wa matar, ba tare da ya dube ta ba, "Tashi mu je."

Bencin asibitin dogo ne, kuma Allah ya sa rabin waɗanda ke kansa sun taɓa miƙa hannu ta tagar motarsa. Kowa ya sunkuyar da kai, sai wani mahauci da bai iya shiru ba.

"A'a, Dokta! Aiki aka ba ka a nan, ko kwalbar ce ta ƙare?"

"Rakiya na yi."

"Ba rakiya ya yi ba," in ji matar, ba ta ko ɗaga murya ba. "Tare muke."

Aka kira su, suka shiga, suka faɗa. Nas ɗin, wata mace mai kauri da ta gaji da jin irin wannan labari, ba ta ko ɗaga gira ba. Aka ɗebi jini, aka ce su dawo. Da suka dawo ta gaya musu sunan abin, ta ce kowa ya juya ya kama gado, ta caka musu allura mai zafin da ya sa tsohon direban babbar mota ya kira uwarsa. Ta ce sai an dawo an sake, kuma kada wanda ya yi fashi. Matar ta tambaye ta, da an zo tun farko fa? Nas ɗin ta dube ta, ta dubi mijin, ta ci gaba da wanke hannu.

Ranar da aka yi musu allurar ƙarshe, matar ta jira har inuwar katanga ta cinye tsakar gida. Tukunyar tana kife a gefe, kaza ta hau kanta. Dokta yana zaune a bakin motar da ya fara ɗaukar kayan mutane da ita, ya karkace gefe ɗaya saboda allura. Ta taka a hankali zuwa bakin kwata, ta dafa katanga, ta tsuguna.

"'Yar'uwa, na dawo. Tunjere ne, kamar yadda ake faɗa a talla, a nan kam ba a yi ƙarya ba. A jini ake gane shi. Maganinsa allura ce, tana da zafi, kuma sai an koma an sake. Ba ta dawo da wanda aka binne. Ƙafafun ma an ce ƙila ba za su koma daidai ba. Amma tana tsayar da shi." Ta ja numfashi. "Ban san yadda naku yake ba. Ki je wurinsu ki tsaya ki faɗa. Ni na faɗa, ban mutu ba. Kuma ki ja mijin, ko da wuyan riga ne."

Ta kasa kunne. Babu tururi, babu murya, babu ƙarar komai a kan rufi. Ruwan wanke-wanke ne kawai ke silalewa ƙarƙashin katanga. Ta daɗe a tsugune har ƙafafunta suka fara suka, duhu ya rufe bakin kwatar, ta fara tunanin ko ta makara a nan ma.

"Mama, tashi daga nan. Sauro."

Daga bayanta ne. Murya ce a dishe, mai nauyi, kamar an kai ta wani wuri an yi shekaru ana aiki da ita kafin a dawo da ita. Babu wanda zai ji wannan murya a lasifika ya sayi ko allurar ɗinki.

Dokta ya miƙe da ƙyar, yana riƙe da ƙofar mota.

"Uwata?"

"Na'am, Baba."

Matar ta miƙa hannu ba tare da ta waiwaya ba. Yarinyar ta kama, ta ɗaga ta, suka shiga ɗaki a hankali, ɗaya tana jingine da ɗaya.